Joji Ya Tafi Bai Yanke Hukunci Ba

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Amma ban taɓa zaton komawar za ta zo ta ɗauki mutum a gabana da hantsi ba, ina riƙe da takarda ina yi masa karatu, in kuma ci gaba da karatun ban sani ba.

Taubashina, ɗan kawuna, wanda daga ƙauyenmu har Dogon Dawa ake kira Joji, ya rasu ranar Laraba a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Yana kishingiɗe a kujerarsa ta katako, ya kifa hula a fuska kamar yadda yake yi kullum in zai saurari Turanci. Mu bakwai ne a gabansa, har da mai unguwa. Ina faɗa ina jin kunya: mun fi kwatan awa guda muna zaune tsit, muna jiran gawa ta yanke mana hukunci.

Ga abin da ya tara mu. Firamaren ƙauyenmu ta shekara huɗu a rufe, tun da daji ya ɓaci malamai suka kwashe kayansu, mu ma muka bi bayansu zuwa Birnin Gwari. Bana mun dawo, mun yi noma, mun gyara rufin azuzuwa da hannunmu, amma yara suna gida. Sai aka aiko cewa duk ƙauyen da yake son a maido masa da malamai ya rubuto takarda da Turanci, ta isa ofis a Birnin Gwari ranar Litinin, domin daga can za a wuce da ita Kaduna. Wanda tasa ba ta je ba, sai baɗi. Ɗan ƙanwata, wanda ya yi difloma a Zariya, shi ya rubuta. A garinmu kuwa, shekara arba'in ke nan, takardar Turanci ba ta fita sai ta bi ta kunnen Joji.

Ni ne mai karantawa, kamar kullum. Na wuce gaisuwa lafiya, na wuce sunan gari lafiya. Sai na iso wani wuri da har yau ban manta da shi ba. Na kwafo shi nan harafi-harafi, kada a ce na yi wa yaro ƙari: “the resuscitation of our moribund citadel of learning.” Na haye shi da ƙyar, kamar akuya a kan kwanon rufi.

Daga ƙarƙashin hula aka ce, “Tsaya, Furofesa. Sake.”

Na sake. Shiru.

Shirun Joji ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk yadda ya daɗe, haka hukuncin yake muni. Mai unguwa ya dubi ɗan ƙanwata ya girgiza kai, irin na “yau ka shiga hannu.” Na sake karantawa karo na uku ba tare da an sa ni ba. Da abin ya yi tsawo na ce, “Bawana, in barci kake yi ka faɗa mana, muna da masara a gona.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Matarsa ce ta fito da ƙwaryar kunu. Ta tsaya, ta dubi hannunsa da ya sauka a gefen kujera, ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ba ta zubar da ko ɗigo ba. Ta ce, “Ku tashi haka nan. Mai shari'ar ya tafi.”

Mai unguwa ya kasa miƙewa. Ba abin da yake ta maimaitawa sai, “Amma yanzun nan ya yi magana. Ku ma kun ji. Yanzun nan.” Faston da katangarsa take jingine da ta Joji ya taho daga gona da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a kan gawar ya yi magana da Gwaranci, sannan ya juya da Hausa ya ce, “Mutumin da 'yan bindiga suka tare sau biyu a hanyar Kusasu ya dawo da ƙafarsa, shi ne zai mutu a kujera?” Wata tsohuwa tana kuka a zaure tana cewa wa zai ƙara gaya mata abin da takardar asibiti ta ce. Ni kuwa ban yi kuka ba, ban yi salati ba. An ce har aka ɗauke shi aka shiga da shi ciki ina tsaye da takarda a hannu, yatsana a kan layin.

A makabarta wani direba ya raɗa wa na kusa da shi cewa Turancin yaron nan ne ya shaƙe tsoho. Da wasa ya faɗa, amma kafin la'asar maganar ta zaga gari. Ɗan ƙanwata ya ji. Ya zo ya zare takardar daga hannuna, ya ninke ta huɗu, ya ce, “Kawu, ba zan aika ba. Wani ya rubuta.” Wa ke nan? Ya shige ɗaki ya rufe. Ranar Laraba ke nan, Litinin kuwa tana tafe.

Bari in koma baya, don waɗanda ba su san shi ba.

Ya girme ni da shekara goma sha. Ubansa wan uwata ne, saboda haka tun ina rarrafe muke wasan taubasai. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har ya mutu ba mu warware ba. Yana saurayi ya bi wani Bature mai auna itatuwa a gandun daji, ya ɓace shekara tara, daga nan ya wuce Kaduna aikin katako. Da ya dawo gida ya dawo da tabarau, da rediyo, da jan biro a aljihun gaba, da Turanci mai fita ta hanci. Kowa ya ɗauka makaranta ya yi. Wasu suka ce Zariya, wasu suka ce har Ikko. Bai taɓa cewa i ba, bai taɓa cewa a'a ba.

Ni kuwa a aji huɗu na yi sallama da boko. Tsakanin bulalar malaminmu da farautar gafiya, na zaɓi gafiya. Abin da na fito da shi kaɗai shi ne haɗa baƙi: in ka ba ni Turanci zan furta maka shi, amma kada ka tambaye ni me na ce. Wannan ne ya sa Joji ya laƙaba mini Furofesa. Jikokina ma haka suke kirana, wasunsu sun ɗauka sunan yanka ne.

Kotun Joji tana zama da hantsi, bayan ya gama sauraron labaran Turanci a rediyo. Mutum ya zo da takardarsa, ta neman aiki ce, ta asibiti ce, rubutun da zai sa a allon shago ne. Joji ba ya taɓa takarda. In ka miƙa masa sai ya ɗaga hannu ya ce, “Ba wa Furofesa. Turanci ba da ido ake auna shi ba.” Ya kifa hula. Ni in fara tuntuɓe, jama'a su fara dariya, shi kuma ya riƙa gyara mini baki da zagi. “Ba haka ba, jaki. Harshen nan naka na tuwo ne kaɗai?” In na gama, ya yi shiru, sannan ya yanke. Ko ya ce, “Ya tsaya da ƙafarsa.” Ko ya ce, “Yana ɗingishi,” ya faɗi gyaran da baki, mai takarda ko ɗansa ya rubuta. In abin ya wuce gyara sai ya ce, “A kai shi daji.”

Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ce masa ai daidai ne. Yakan ce, “Ban tambaye ka ko daidai ne ba. Na tambaye ka ko mutum zai faɗe shi. Akwai Turancin da ba shi da laifi ko ɗaya, amma ba shi da dangi. Ba wanda ya haife shi, ba wanda zai je jana'izarsa.”

Direban nan da ya yi raɗa a makabarta, shekarun baya ya taɓa kawo abin da yake son a rubuta masa a bayan babbar motarsa. Kalma uku ce, ya ce ma'anarta ba gaggawa a rayuwa. Wani malamin makaranta da yake wurin ya ce akwai kuskure. Joji ya ɗaga hula ya leƙo da ido ɗaya ya ce, “Akwai. A bar shi. Bakin direba zai faɗe shi a tasha ba wanda zai juyo. Naka gyararren, malam, sai dai a faɗe shi a ɗakin jarrabawa, motar nan kuwa Funtuwa za ta.”

Wata rana kuma wani dattijo daga Kutemeshi ya kawo wasiƙar ɗansa soja, wanda aka tura fagen daga a gabas. Ba fassara kaɗai yake so ba. So yake a faɗa a gaban jama'a ko Turancin ɗansa ya nuna. Na karanta. Ko ni, da aji huɗuna, na ji wasiƙar nan ba ɗingishi take yi ba, jan ciki take yi. Na fara murmushi ina jiran a kai ta daji. Joji ya fassara masa tsaf, sannan ya ce, “Ya tsaya da ƙafarsa. Ka haifi ɗa.” Dattijon ya tafi yana taku kamar an naɗa shi sarauta. Da aka watse na ce, “Bawana, yau ka ci hanci.” Ya ce, “Yaron da yake kwana a rami ya sami takarda ya tambayi lafiyar uwarsa da ta shanu, kowace kalma tasa mutum ne ya faɗe ta. Tashi ka ba ni wuri.”

Sau ɗaya muka yi faɗan gaske. Ran nan dangin mijin 'yata ta fari sun zo gaishe ni, na sa babbar riga, na zauna ina ta cin magani irin na suruki. Sai ga aike daga Joji, wai in zo yanzu, an kawo kwalbar maganin feshi ana son a ji abin da aka rubuta a jiki. Baƙin suka ce za su raka ni. Akwai wata kalma doguwa a jikin kwalbar nan. Sau biyar ya sa na maimaita ta, kowane karo yana kwaikwayon bakina. Surukaina suka riƙe dariya har ɗayansu ya ƙware. Na dangwarar da kwalbar na ce, “Ga idonka, ga tabaranka, ga jan bironka. Ka nemi wani jakin.” Na tafi.

Mako uku kotu ba ta zauna ba. Aka ce Joji yana ciwon ido, har ya ɗaure fuska da ƙyalle. Masu takardu suna zuwa suna komawa. Na ce a raina alhakina ne. Ran nan ina gona ina noman dawa sai na hango shi tafe, shi da bai taɓa taka gonata ba. Ya zauna a kan kunya ya ce, “Furofesa, kotu ba ta zama ba magatakarda.”

Na ce, “Ka ba ni haƙuri tukuna.”

Ya ce, “Ubangida ba ya roƙon bawa.”

Sai ya karɓe fartanyata ya nome mini kunya biyu, da idon nan nasa mai ciwo, bai sare dawa ko ɗaya ba. Washegari na koma. A lokacin na ɗauka dariyar ce ya yi kewa.

Da ɗan ƙanwata kuwa tsamar ta fara ne muna gudun hijira a Birnin Gwari. Ko a can Joji bai fasa ba, ya sami gindin wata bishiyar bedi ya kafa kujera. Yaron ya kawo takardar neman aiki, aka kai ta daji a gaban abokansa. Ya miƙe ya ce, “Kawu Joji, kowace kalma a nan tana cikin ƙamus. Ni ina da takardar shaida. Kai da wace takarda kake yanke wa mutane hukunci?”

Ba a taɓa yi wa Joji wannan tambayar ba. Ya cire hular gaba ɗaya, abin da ba ya yi, ya ce, “Suna ƙamus, na yarda. Je ka tsaya gaban mutum, ka kalli ƙwayar idonsa, ka faɗa masa wannan da numfashi ɗaya. In ka iya ba ka ji kunya ba, na janye. Takardata kuwa tana akwati. Ranar da na mutu ka buɗe.”

Tun daga nan suke gaisawa sama-sama. Da maganar makaranta ta taso, mai unguwa ne ya tilasta wa yaron ya kawo takardar kotu. Na san ya zuba manyan kalmomin nan ne don ya nuna wa tsoho iyakarsa. To ga inda abin ya ƙare.

Alhamis ta wuce yaro bai fito ba. Mai unguwa ya aika wa fasto ko zai rubuta, fasto ya ce shi wa'azinsa ma da Hausa yake yi, takardun cocinsu duk Joji ne yake saurara. Aka fara cewa to a haƙura sai baɗi. Matan gari suka ce baɗin nan yaran da suka isa aji shida sun zama 'yan acaba.

Ranar Juma'a aka yi addu'ar uku. Da jama'a suka ragu bayan azahar, matar Joji ta aiko a kira ni, a kira ɗan ƙanwata. Ya zo idonsa jawur. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta ce, “Ai ya ce ka buɗe. Buɗe.”

Ya ce, “Inna, ki yafe mini, ba na so.”

Ta ce, “Ba kai kake so ba, shi yake so.”

Ya buɗe. Jajayen biro ne a ɗaure da roba, sun fi ashirin, ba wanda aka taɓa cire wa murfi. Tsofaffin tabarau biyu. A ƙasa kuma wata takarda a naɗe cikin ƙyalle, ta yi ja don tsufa, ninkinta ya kusa rabewa. Yaron ya kai hannu, ta buge hannun. Ta ce, “Ba kai ba. Ya ce Furofesa.”

Na ce, “Amarya, ko a yau ma sai an yi mini dariya?”

Ta ce, “Karanta dai.”

Bugun tafireta ne, layi shida, da sa hannun Baturen nan mai auna itatuwa. Na gyara murya ina jiran tuntuɓe, sai na ji ina tafiya sumul. Kalmomin ƙanana ne duka, kamar tsakuwar rafi. Ban taɓa karanta Turanci mai sauƙin wannan ba. Ina cikin jin daɗin kaina na iso layi na huɗu, na ci karo da kalma biyu da na sani farin sani, domin su malaminmu ya rubuta a kaina a aji huɗu ya ba ni in kai wa babana.

Na tsaya. Ba wanda ya ce in sake, na sake.

Ɗan ƙanwata ya zauna daɓas a ƙasa. Matar ta ce ya fassara mata, tana son ta ji daga bakin wani. Ya fassara: mai wannan takarda ya yi aiki da ni shekara tara. Ya san daji. Ba ya ƙarya. Yana jin Turanci fiye da akawuna da yawa, amma bai iya karatu ba, domin babu makaranta a ƙauyensu. Duk wanda ya sami hali ya sa shi a makaranta.

Na ce, “Ƙarya ne.” Haka na faɗa, a ɗakin mamaci, a gaban matarsa mai takaba. “Ƙarya ne. Jaridar da yake riƙewa fa?”

Ta ce, “Hotuna yake kallo.”

“Sa hannu fa?”

“Shi kaɗai Baturen ya koya masa. Zana shi yake yi.”

Ta ce ranar da za su rabu Baturen ya karanta masa takardar sau ɗaya, ya haddace ta, ya naɗe, bai ƙara nuna wa kowa ba. Da ya dawo gida yana da niyyar koyo, amma tun kafin ya sauke kaya mutane suka fara kawo masa takardu suna ce masa malam. Ta ce sau ɗaya ya yi ƙarfin hali ya tafi ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye inda yake zaton ba a san shi ba. Yana shiga malamin ajin ya miƙe tsaye, ya miƙa masa alli, ya ce ranka ya daɗe ga ɗalibai. Ya yi musu nasiha a kan muhimmancin ilmi ya fito.

Na ce, “To ciwon idon nan?”

Ta ce, “Kai ne idon. Mako ukun nan ko tuwo bai ci kirki ba. Tsoronsa kada wani ya danƙa masa takarda a hannu.”

Ban san lokacin da na zauna a kan akwatin ba. Shekara arba'in ina zaton an ɗauke ni abin dariya ne. Na yi fushi, na yi gunaguni a wurin matata, na sha cewa gobe ba zan je ba, gari ya waye in tafi. Ashe rabin Joji ne ni. Shi yana ji ba ya gani, ni ina gani ba na ji, aka haɗa mu aka sami mutum ɗaya mai ilmi, gari guda ya rayu a kansa. Na tambaye ta me ya sa ya zaɓe ni, ga masu sakandare. Ta ce ya ce mai ilmi in ya ga kuskure yakan gyara shi a baki kafin ya fito, ni kuwa abin da yake kan takarda shi nake zubowa, ba ragi ba ƙari, saboda ban san komai ba. Ko a kabari mutumin nan bai fasa zagina ba.

Ta ce, “Ya ce in ya riga ka, in faɗa maka. In ka ga dama ka yi shela, ka rama.” Shi ya sa nake rubuta wannan. Ba tonon asiri ba ne, wasiyya ce.

Ɗan ƙanwata ya karɓi takardar Baturen da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce, “Kawu, babu kalma ko ɗaya a nan da ɗan aji uku bai sani ba.”

Na ce, “Ɗan aji huɗu dai ya gane.”

Asabar da hantsi ya same ni a gindin mangwaro. Kujerar tana nan ba wanda ya taɓa ta. Ya zaro takardarsa mai ninki huɗu ya miƙo mini. Na ce ni ba Joji ba ne, karatu kawai na iya. Ya ce ya sani. Sai ya zauna a kujerar, a ɗarare, ya cire hularsa ya kifa a fuska. Mai unguwa da fasto suna wucewa suka gan mu, suka zo suka tsuguna.

Na karanta. Na wuce gaisuwa, na wuce sunan gari, na iso wurin. Na hau shi kamar yadda na hau ranar Laraba, numfashina ya ƙare a tsakiya.

Daga ƙarƙashin hula aka ce, “Tsaya, Kawu. Sake.”

Tsigar jikina ta tashi. Na sake. Aka yi shiru, ni kuwa idona yana kan hannunsa, ina duba ko zai sauka gefen kujera.

Ya ce, “A kai shi daji.”

Ya ɗaga hular, fuskarsa sharkaf. Ya ce ya fi sau ɗari yana karanta layin nan a zuci yana jin daɗinsa, bai taɓa jin sa a bakin mutum ba sai yanzu da ya rufe ido. Mai unguwa ya tambaye shi, wai shin me layin yake nufi ma? Ya ce yana nufin a farfaɗo da makarantarmu da ta mutu. Mai unguwa ya ce, “To ai ba ta mutu ba, mun yi mata rufi. Malamai ne babu.”

Na ce, “Ɗana, tashi ka tsaya gaban mai unguwa. Ka ɗauka shi ne mai ofis. Kalli idonsa ka faɗa masa abin da muke so, da Turanci, numfashi ɗaya.”

Ya tsaya, ya ce, “Our children are at home. Please send their teachers back.”

Fasto ya ce ko shi ya gane. Ni ma na gane: yaranmu suna gida, a taimaka a maido musu da malamansu. Aka rubuta. Shafi biyu suka koma rabin shafi. Na karanta daga sama har ƙasa ban yi tuntuɓe ba, har na ji haushin babu wanda zai zage ni. Suka zuba mini ido su uku. Na duba kujerar, babu kowa. Na ce, “Ya tsaya da ƙafarsa.”

Iyaye suka dangwala yatsa, masu iya sa hannu suka sa. A saman jerin, inda Joji ya saba zana nasa, yaron ya bar fili. Da ɗaya daga cikin jajayen biron akwatin ya ja layi a wurin. Biron ya bushe, sai da ya goga shi a tafin takalmi kafin ya kawo. Direban nan mai raɗa shi ya ɗauki yaron da takardar ranar Litinin da sassafe, ya ba shi kujerar gaba, bai yi maganar shaƙewa ba har suka isa.

Ba zan ce takardarmu ce kaɗai ta yi aiki ba, ban san abin da aka tattauna a Kaduna ba. Abin da na sani, bayan an yi girbin dawa malamai biyu sun sauka daga mota da jakunkunansu, aka buga tsohon wilin motar da yake rataye a ƙofar makaranta a matsayin ƙararrawa. Ina gona na ji ƙarar. Na ajiye lauje na nufi makabarta.

Na tsuguna wajen kansa na yi masa addu'a, sannan na ce, “Bawana, an buɗe. Jikokinka suna ciki. Kuma ka sani, duk gidanku da gidanmu a zamaninmu ni ne mai zurfin karatu, na fi ka da aji huɗu cur. Shekara arba'in kana ce mini Furofesa ina jin haushi, ashe kai kaɗai ne a garin nan kake faɗa da gaske.”

Na jira kaɗan, saboda sabo. Shirun ya yi tsawo, amma wannan karon na san ba hukunci ne yake tafe ba.

Allah Ya jiƙan ɗan kawuna, Ya yafe masa zagin da ya yi mini, ni na yafe. Ranar da za a miƙa wa kowa takardarsa, Allah Ya ba shi tasa a hannun dama, Ya buɗe masa ido ya karanta abarsa da kansa. In kuma ana bukatar mai karantawa, ya jira ni, ina tafe.